Bututun Roka da Kawu Ya Cika da Irin Gero

Mun binne Kawu ranar Laraba bayan azahar, kuma kafin ƙasar kabarinsa ta sha iska gardama ta tashi a ƙofar gidansa. Liman ya shafa fatiha, mutane suka gyara zama a kan tabarmi, sai wani saurayi daga cikin 'yan sa-kai na ƙauyenmu ya ce, ba da ƙarfi ba amma yadda kowa zai ji:

"Da tsoho ya bari an gyara abin nan yadda ya kamata, da yau ba mu zaune nan."

Wani ya amsa masa, "Ai tun da ya baro bariki zuciyarshi ta mutu. Allah dai shi gafarta mashi."

Inna, matar Kawu, tana bayan zana tare da mata. Ba ta fito ba, muryarta ce ta fito.

"Wanda ya ce Saje matsoraci ne shi shigo. Rigarshi na nan ban wanke ba. Shi zo shi ga ko akwai huda ɗaya a bayanta."

Babu wanda ya tashi. Maƙerin garin yana zaune can gefe, an ajiye masa kwanon fura bai taɓa ba. Wata tsohuwa da ta tako da ƙafa tun daga Ƙofa ta wuce cikin gida tana kuka irin na wadda aka yi wa mutuwa a ɗakinta, alhali ba danginmu ba ce. Ɗan Kawu kuwa, taubashina, wanda a da ba ma haɗuwa bai ce mini bawansa ba, yana jingine da bango. Na ba shi hannu, ya ba ni, bai ɗago ba.

Ni ɗan ƙanwar mamacin ne. Na yi shekaru ina aikin rediyo, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne raba abin da na gani da abin da aka gaya mini. Haka zan yi a nan, domin kada maganar saurayin can ta zama ita ce tarihin Kawu.

Abin da ake gardama a kai bututu ne. Shekara da shekaru yana rataye a ƙusa cikin zauren Kawu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kusada da Kankiya. Launinsa kore ne mai duhu, ya koɗe. Idan an tura shi ciki bai kai kamu biyu ba, idan an ja shi sai ya miƙe kamar eriyar rediyo, domin bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na cikin farin ƙarfe ne mara nauyi irin na tukwane, na wajen kuwa wani abu ne kamar roba mai zare-zare a jikinsa. Yana da murfi gaba da baya, da ɗan saiti mai naɗewa, da zanen mutum a gefe yana nuna yadda ake riƙe shi, saboda sojan da bai iya karatu ba. Bututun harba roka ne na fasa tankar yaƙi, irin wanda ake harbawa sau ɗaya a yar. An riga an harba shi. Abin da ke ciki duk tsawon sanina irin gero ne.

Kowace kaka Kawu yakan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya sa a sussuke su daban, ya ɗura a ciki da ɗan toka, ya rufe. Idan an yi masa dariya sai ya ce, "Turawa sun yi shi don kada ruwa ko ƙura su taɓa roka shekara da shekaru. To ƙwaro wane ne?"

Kawu ya yi soja har ya kai saje, kuma yawancin shekarunsa a ɗakin ajiyar makamai ya yi su. Ba ya son labarin yaƙi, amma yana son labarin ƙira. Idan na je gaishe shi yakan sauko da bututun ya ɗora a cinya, ya yi ta bayani kamar mai sayar da keken ɗinki. Daga baya na bi abin da ya faɗa a littattafai, ban kama shi da kuskure ba.

Ya ce lokacin da tanka ta fara shiga fagen yaƙi, sojan ƙasa ba shi da abin yi da ita sai gudu. Aka ƙera manyan bindigogi, masu tanka suka ƙara kaurin ƙarfe, bindigogin suka zama banza. Sai masana suka gano yadda za a sa ƙarfin fashewa ya taru wuri ɗaya ya huda ƙarfe kamar tsinke, ko da abin bai zo da gudu ba. Daga nan ba a buƙatar igwa, bututu ya isa. A yaƙin duniya na biyu Amurkawa suka yi dogon bututu na mutum biyu, ɗaya na ɗurawa ɗaya na harbawa. Jamusawa kuwa suka yi mai araha, gajeren bututu da ƙaton kai a bakinsa, a harba a yar. Da yaƙi ya juya musu baya, shi suka riƙa miƙa wa tsofaffi da 'yan makaranta.

"Ka ga dabarar?" in ji Kawu. "Ba ya kai nisa. Sai ka bari tanka ta matso har kana jin zafin injinta. Ka harba, ko ka samu ko ka kuskure, hannunka wayam. Wanda ya ƙera shi ya yi lissahin komai, har da kai da ke riƙe da shi."

Bayan wancan yaƙi, in ji shi, Amurkawa suka haɗa dabarun biyu suka fito da irin nasa: a ɗura roka tun daga masana'anta, a rufe, soja ya rataya a baya tare da bindigarsa, nauyinsa duka bai fi tiyar gero ba. Rashawa suka yi nasu mai kama da shi, wasu ƙasashen Turai suka yi manya. Duk dai ƙa'ida ɗaya ce. Bututun a buɗe yake gaba da baya. Roka ta fita ta gaba, wutarta ta fita ta baya, shi ya sa ba ya naushin kafaɗa, shi ya sa kuma jikinsa bai da kauri. Ba a yi shi don ya riƙe wuta ba, an yi shi don ya ba ta hanya.

Daga nan maganarsa ta samo asali, wadda duk wanda ya zauna da shi ya ji ta har ta gundure shi: "Duba bayanka kahin ka duba gabanka." Yana faɗa wa mai sare itace, yana faɗa wa mai juya amalanke, yana faɗa wa mai shirin sakin mata. Shi kansa ba ya ɗaga gatari ko fartanya sai ya waiwaya. Yara suna kwaikwayonsa a bayan idonsa.

Sau ɗaya ya gaya mini dalili, muna ɓare gyaɗa da hantsi. A Laberiya ne, lokacin da aka tura su aikin kwantar da tarzoma. 'Yan tawaye suka taho a wata babbar mota da suka lilliƙa wa faifan ƙarfe, suna harbi ta ramuka. Kawu yana bakin wata gada da wannan bututu da aka ƙwato kwanaki kafin nan. Ya ja shi, ya ɗora a kafaɗa, ya danna. Motar ta kama da wuta, mutanen ciki suna dukan ƙarfe da hannu, ƙofar da suka liƙe da kansu ta ƙi buɗuwa. Ya juya don ya yi wa abokinsa albishir, mutumin Ƙofa da suka shiga soja rana ɗaya. Abokin ya tsuguna ne daidai bayansa, tsakaninsa da bango, don ya fake daga harsashi.

"Ban gane shi ba sai da takalmi," in ji Kawu. Ya ci gaba da ɓare gyaɗa.

Doka ita ce a farfasa bututun da aka harba don kada abokan gaba su yi wani abu da shi. Kawu bai farfasa ba. Ya naɗe shi cikin bargo ya kawo gida. Da ya sauka, kafin ya ga mahaifiyarsa, Ƙofa ya fara zuwa, ya durƙusa gaban matar abokinsa ya gaya mata yadda abin ya faru, bai rage komai ba. Ita ce tsohuwar da ta zo da ƙafa. Tun daga shekarar, damin farko na geron da ya fito daga irin bututun nan gidanta yake zuwa. Kawu da kansa yake kaiwa, a da a keke, da ƙarfi ya ragu a bayan babur ɗin ɗansa.

Sai zamani ya canza. 'Yan bindiga suka fara matsowa daga yamma. Aka kore shanun wani ƙauye kusa da Fakuwa da rana tsaka, aka harbe mai su a gaban 'ya'yansa. Aka tare mata a hanyar rijiya. Samarinmu suka haɗa ƙungiyar sa-kai, taubashina ya zama shugabansu, shi da sana'arsa acaɓa ce a Kusada. Makamansu adaka ce, bindigar maƙera da ake ɗura wa albarushi ta baki, da gora, da adda. Sun ji cewa ɓarayin suna yawo da roka. Kuma kullum suka shiga zauren Kawu, ga bututu a rataye.

Ina wurin ranar da Kawu da ɗansa suka yi faɗa a zaure, cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa ana shirin shuka.

"Baba, bindiga bindiga ce," in ji taubashina. "Maƙeri ya ce in aka toshe bayan da ƙarhe aka ɗura mata, ta hi adaka goma."

"Maƙeri ya taɓa ganin an harba ta?"

"Ya yi shekara talatin yana ƙera bindiga."

"Ya yi shekara talatin yana ƙera abin da ke da gindi. Wanga ba shi da gindi. Ka toshe bayanshi, wuta ta rasa hanya, ta ina kake so ta hita? Ta nan." Ya sa yatsa a muƙamuƙin ɗansa. "Nan kake ɗora shi."

Taubashina ya ture hannun. "Kai dai kana tsoro. Ana yanka mutane kamar kaji, kai kana gadin gero. Wanda ka kashe ya mutu, Baba. Mu da ke raye hwa?"

Na ce masa, "Kai, bawana, mahaifinka ne."

"Yi mani shiru, ɗan birni. Ku a rediyo kuke jin mutuwa."

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗa guda gare ni. In ɓarawo ya kashe ka, na kai ƙara wurin Allah. In abin da na ɗauko da hannuna ya kashe ka, wurin wa zan kai?"

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, muka tafi masallaci ni da Kawu. Da muka dawo, ƙusa ce kawai a bango. Inna ta ce yaron ya shigo ya fita da abu cikin buhu. Kawu bai cire babbar rigarsa ba. Muka bi ta maƙera, muka tarar da irin geron a zube a ƙasa cikin gawayi, kaji suna tsattsaga. Muka bi sawun babura har kwazazzabon da ke bayan gari.

Sun kai su goma sha. Maƙeri ya riga ya toshe bayan bututun da ƙarfe, ya ɗaure jikinsa da waya, ya ɗura abin da ya ɗura. Taubashina ya ɗora shi a kafaɗa, kumatunsa a jiki, yana auna wata jar ganga da suka kafa a nesa. Samari biyu suna tsaye a bayansa suna dariya.

Ban taɓa ganin Kawu ya yi gudu ba sai ranar. Ya cafki bututun da hannu biyu. Suka yi kokawa, uba da ɗa, har rigar Kawu ta yage daga wuya. Ɗan ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tsohon ya maƙale, ya sa goshinsa a bakin bututun.

"To harba," ya ce. "Ga ni."

Sai ya sassauta murya.

"Ban hana ku gwadawa ba. Ku ɗaure shi jikin marken can, daidai tsayin kahwaɗarka. Maƙeri, ka ba shi wuta daga nesa. In ya harba lahiya, na ba ku shi, kuma ni zan koya maku saiti. In bai harba ba, ka bar ni da ɗana."

Maƙeri ya ce, "Saje, ka raina aikina."

"Ban raina ba. Itace nake so ya shaida, ba wuyan yaro ba."

Aka ɗaure shi a jikin marke. Kawu ya tsaya ya kori kowa zuwa cikin kwazazzabo, ya ƙirga mu da yatsa, ya waiwaya sau biyu, sannan ya kwanta. Maƙeri ya ba shi wuta. Ƙarar da ta biyo baya ta toshe mini kunne har washegari. Da hayaƙi ya washe, gangar tana nan tsaye ko ƙwarzane babu. Bututun ne babu. Ƙarfen da aka toshe bayan da shi ya nutse cikin wata bishiyar daban. Jikin marken kuwa, itacen da gatari ke jin tsoro, ya ɓare fari fat, faɗin faranti, da gutsattsarin waya a soke cikinsa. Wani guntun ƙarfe ya yanki maƙeri a kunne duk da yana kwance.

Taubashina ya tsaya yana kallo. Kawu ya tattara abin da ya samu na ɓaraguzan a cikin yagaggiyar rigarsa, ya koma gida. Inna ta riga ta je maƙera da tsintsiya da faifai, ta tsince irin daga gawayi. Da ruwa ya sauka shi aka shuka.

Da labarin ya tsaya nan, da Kawu yana raye. Amma ƙarar ta kai ƙauyuka huɗu, mutane suka yi ta tambaya. Samarin suka ji kunyar cewa abinsu ya fashe. Kuma suka ga wata dabara: tunda ɓarayi suna da masu kai musu labari a kowace kasuwa, bari a kai musu wanda zai tsorata su. A tashar babura ta Kusada, a rumfar mai shayi, taubashina da abokansa suka riƙa cewa tsohon soja ya fito da rokokinsa, an gwada ɗaya, saura shida a binne.

Da maganar ta dawo kunnen Kawu, ya kira ɗansa. Inna ce ta gaya mini wannan.

"Kun harba magana," ya ce. "Kun duba wa ke bayanta?"

"Tsoro za su ji, Baba."

"Mai adaka ake tsoro a ƙyale. Mai roka zuwa ake a karɓa."

Ya je wurin mai unguwa ya ce a yi shela cewa ƙarya ce. Aka yi. Babu wanda ya yarda, domin kowa ya ɗauka dabara ce ta tsohon soja.

Ɓarayin sun zo ranar Laraba da hantsi, ana noman farko. Ba na nan. Abin da zan faɗa daga bakin Inna ne da maƙwabcin gonarsa, wanda ya kwanta tsakanin kunyoyin gona ya ji komai. Taubashina ya tafi Kusada da fasinja, yawancin samarin suna gonaki masu nisa. Babura takwas ne, mutum bibbiyu. Ba su nemi shanu ba, ba su shiga rumbu ba. Gidan Saje suka tambaya. Suka fasa zauren, suka haƙa tsakar gida, suka doki Inna da gindin bindiga har haƙorinta biyu suka fita. Kawu ya jiyo ihu daga gona, ya taho da kansa, fartanya a kafaɗa. Maƙwabcin ya ce masa ya gudu. Ya ce, "In ba su same ni ba, ɗana za su jira."

Ya tsaya a bakin gonar da ke bayan gidan ya ajiye fartanya, suka fito suka same shi. Babbansu ya ce ya fito da rokoki. Kawu ya ce babu, guda ɗaya ce tun asali, fanko, kuma ta fashe. Ya sa aka ɗauko ɓaraguzan daga ɗaki, ya zube musu. Suka harbe shi a ƙafa, suka sake tambaya. Ya ba da amsa ɗaya. Suka harbi ɗaya ƙafar.

"To wa ya ce akwai shida? An ce ɗanka ne shugaban 'yan sa-kai. Ina yake?"

"Ni na faɗa," in ji Kawu. "Ni na ƙirƙira, don in ba ku tsoro. Yaron ɗan acaɓa ne, bai san komai ba. Tsoho ne ya yi maku ƙarya, ga shi kun zo."

A iya sanina wannan ce kaɗai ƙaryar da ya taɓa yi. Suka buɗe masa wuta daga gaba, yana zaune a ƙasa yana kallonsu. Suka hau babura suka tafi, ba su jira kowa ba.

Bayan addu'ar bakwai, da mutane suka watse, taubashina ya ce in hau babur. Bai gaya mini inda za mu ba. Muka tsaya a kwazazzabo. Marken yana nan, raunin ya fara yin baƙi, ƙaro yana tsattsafowa daga gefensa. Ya je ya jingina kafaɗarsa da itacen, ya miƙe tsaye. Tabon itacen ya fara daga daidai wuyansa ya ƙare a saman kunnensa.

Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Kai da ka iya rubutu, ka rubuta. Ka sa har abin da na ce mashi a zaure. Kada ka gyara mani."

Na ce, "Ba zan gyara ba."

"Sau biyu ya tsaya gabana. Ni ko sau ɗaya ban waiwaya na ga wa ke bayana ba."

Geron ya yi kyau bana, duk da gawayin da ya sha. Na koma gida lokacin girbi. Babu bututun da za a zuba iri, Inna ta nemo tulu ta liƙe bakinsa da laka. Damin farko kuwa taubashina ya ɗaure a bayan babur, ya ce Ƙofa za shi. Na tsaya a ƙofar zauren, ƙarƙashin ƙusar da har yau ba a cire ba. Ya taka babur ya tashi, ya riƙe birki, ya juya ya dubi bayansa sosai, sannan ya saki.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haɗa shi da abokinsa na bakin gada a inda babu wuta gaba ko baya. Mu da ya bari, Allah ya ba mu ikon waiwaye tun da sauran lokaci.